MUTABBAK, ABINCIN FATAKEN TEKU: YADDA KAZA ƊAYA KE ISAR MUTUM TAKWAS

Duk wanda ya taɓa zuwa Makka ko Jidda, in dai ya fita da dare ya bi ta layukan masu sayar da abinci, da wuya ya koma masauki bai tsaya kallon mai mutabbak ba. Za ka same shi tsaye gaban wani teburi mai santsi wanda aka shafe da mai, ga curin kwaɓaɓɓiyar fulawa jere a gefe, kowanne bai fi ƙwan agwagwa girma ba. Sai ya ɗauki guda ya danne shi da tafin hannu, ya kama bakinsa ya ɗaga, ya wulwula shi a iska ya fyaɗa bisa teburi, ya sake ɗagawa ya sake fyaɗawa. Kafin a yi haka sau biyar ko shida, ɗan curin nan ya zama shimfiɗa mai faɗin tire, fale-fale har ana hango teburin ta cikinta. Daga nan sai ya zuba niƙaƙƙen nama da ƙwai da ganye a tsakiya, ya ninko gefe huɗu kamar mai rufe ambulan, ya ɗora bisa faffaɗan ƙarfe mai zafi. Jim kaɗan sai ga shi ya yi ja, bayansa ya soyu ƙayau, cikinsa kuwa da laushi, a yanyanka maka shi a haɗa da lemun tsami da ɗanyen barkono.

Alhazai da yawa sun ci wannan abinci sun yaba, amma galibi sukan bar shi can inda suka gan shi, suna ɗauka aiki ne na gwanaye wanda ba ya yiwuwa a gida. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Wulwulawar nan da ke ba mutane mamaki ado ce da saurin ciniki, ba ita ce asirin ba. Asirin abu uku ne kurum: haƙuri da kwaɓi, da tsane ruwan nama, da daidaita wuta. Wanda ya kiyaye waɗannan, ko da ɗalibi ne mai risho ɗaya da kasko ɗaya, zai iya. Ma'aikaci mai iyali kuwa yana da dalili na musamman da zai sa ya kula da wannan magana, domin dabara ce da ke sa kaza ɗaya ta zagaye gida baki ɗaya ba tare da an ƙwari kowa ba.

DAGA JIDDA ZUWA SINGAFO

Kalmar mutabbak Larabci ce, ma'anarta kuwa abin da aka ninke, aka ɗora wani sashe nasa bisa wani. Saiwarta ɗaya da kalmar ɗabaƙa, wadda malamanmu ke amfani da ita in suna nufin hawa ko mataki. A ƙasar Hijaz da Yaman iri biyu ake yi. Akwai na gishiri, wanda ake sa wa nama da ƙwai da tumatir da wani ganye ɗan'uwan albasa da suke kira kurras, akwai kuma na zaƙi, wanda ake sa wa ayaba da sukari ko cuku.

To, amma abincin bai tsaya a ƙasar Larabawa ba. Tun ƙarnoni masu yawa fataken Halaramautu, a kudancin Yaman, suke bin iska da jiragen ruwa suna ƙetare Tekun Indiya zuwa gaɓar Malabar, daga can kuma su zarce zuwa tsibiran Jawa da sauran ƙasashen Malayu, inda da yawansu suka zauna suka yi aure. A 1839 Ingilishi suka kama tashar Adan, suka riƙe ta a matsayin wani yanki na mulkinsu na Indiya har zuwa 1937, saboda haka garin ya cika da 'yan kasuwa da ma'aikata Indiyawa. Da aka buɗe Mashigin Suwez a 1869, jiragen ruwa masu tururi suka yawaita a Bahar Maliya, Singafo kuma ta zama babbar tashar da maniyyatan ƙasashen Malayu ke tashi zuwa Jidda. Mutanen da jirgi ɗaya ya ɗauko, kasuwa ɗaya ta haɗa su, tilas ne su ci abincin juna, kowa kuma ya koma gida da abin da bakinsa ya yaba.

Shi ya sa yau ake samun wannan abinci da suna kusan ɗaya a ƙasashen da ke nesa da juna. A Malesiya da Singafo murtabak ake ce masa, kuma galibin masu yinsa Musulmi ne 'yan asalin kudancin Indiya. Ana yin na rago da na sa, amma na kaza yana cikin waɗanda aka fi saye, musamman a kasuwannin da ke ci da yamma a watan azumi, ana kuma ci da miyar kori da albasar da aka jiƙa a ruwan tsami. A Singafo akwai wani gidan abinci mai suna Zam Zam daura da Masallacin Sultan, wanda aka buɗe tun 1908, kuma murtabak ne abin da aka san shi da shi. A Indunusiya martabak suke cewa, sukan yi na gishirin da ƙwan agwagwa, suna kuma da na zaƙi mai kauri da ake barbaɗa wa gyaɗa da cakulan. A Kalkata ta Indiya da Daka ta Bangladash akwai ɗan'uwansa da ake kira mugalai parata, ninkinsu ɗaya, haɗinsu ɗaya. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan aro, domin sunan gurasa da sunan alkaki duka daga bakin Larabawa muka same su, ga shi yau babu mai ce musu abincin baƙi.

ME YA SA SAI ALKAMA?

Kafin a shiga madafa, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa kwaɓin fulawa ke miƙuwa haka ba ya tsinkewa, domin wanda ya san dalili ba ya ruɗewa in abu ya ƙi. A cikin ƙwayar alkama akwai sinadarai biyu na furotin, watau abinci mai gina jiki, waɗanda masana ke kira gulutenin da giliyadin. Muddin gari yana bushe, suna kwance ba sa yin kome. Da zarar ruwa ya taɓa su aka kuma murza, sai su sarƙe da juna su zama wani danƙo mai kamar saƙar raga, shi ake kira gulutin. Na farkon ne ke ba kwaɓi ƙarfi da halin komawa inda ya fito in an ja shi, na biyun kuma shi ke ba shi halin miƙuwa. Hatsinmu na yau da kullum, watau gero da dawa da masara da shinkafa, babu ko ɗaya mai wannan danƙo. Saboda haka ana tuƙa tuwo da su, ana soya waina, amma ba a miƙa su fale-fale.

Daga nan ne maganar haƙuri ta taso. Kwaɓin da aka gama murzawa yanzu danƙonsa a ɗaure yake, in ka ja shi sai ya tsuke, in ka matsa masa sai ya yage. Amma in aka shafe shi da mai aka rufe aka bar shi ya huta, sai danƙon ya saki, ruwa kuma ya gama ratsa garin, har ya zama kana jansa yana binka. Yawancin waɗanda suka gwada mutabbak suka kasa, ba gwaninta ce ta gagare su ba, gaggawa ce ta cuce su.

Mafi yawan fulawar da ke kasuwanninmu daga alkamar da aka shigo da ita daga waje ake niƙa ta, ko da yake ana noman alkama da rani a wuraren ban ruwa irin su Kadawa a Jihar Kano da kwarin Haɗejiya a Jihar Jigawa. Wanda ke son yin amfani da garin alkamar gida sai ya lura cewa dusar da ke cikinsa tana yanke danƙon. Maganin wannan shi ne a tankaɗe shi da rariya mai laushi, sa'an nan a haɗa shi rabi da rabi da farar fulawa.

KAYAN DA ZA A TANADA

Awon da ke biye na mutabbak takwas ne, kowanne kuwa ya ishi babban mutum. Gwangwanin da ake nufi shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa da aka saba awo da shi a kasuwa.

Na kwaɓi: fulawa rabin kilo, watau kimanin gwangwani shida, ruwa mai ɗumi mililita 300, watau gwangwani biyu ba kaɗan, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, man gyaɗa babban cokali uku, da wani kuma na shafawa da suya. Ba a sa yis, ba a sa hodar tashi, domin ba kumburi ake nema ba.

Na ciki: tsokar kaza rabin kilo marar ƙashi, wadda za a samu daga kaza ɗaya matsakaiciya ta gidan gona, ƙwai shida, albasa manya biyu, lawashi dami ɗaya ƙarami, ɗanyar citta tsawon yatsa, tafarnuwa ƙwaya huɗu, attarugu biyu, ko gwargwadon yadda gida ke cin yaji, kori ƙaramin cokali biyu, masoro rabin ƙaramin cokali, kirfa ɗan kaɗan, gishiri, da lemun tsami na matsawa lokacin ci.

KWAƁI

A zuba fulawa da gishiri a kwano mai faɗi, a yi rami a tsakiya, a zuba man gyaɗa da yawancin ruwan, a haɗa da hannu. A riƙa ƙara sauran ruwan kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya haɗe. Ana so ya fi na cincin laushi nesa ba kusa ba, ya ɗan riƙa kama yatsa da farko. Kada a yi saurin ƙara gari don ganin yana kamawa, domin kwaɓi mai tauri ba ya miƙuwa. Da hunturu gari ya fi shan ruwa, sai a ƙara cokali ɗaya ko biyu.

A juye shi bisa tire a murza da gindin tafin hannu, ana turawa ana ninkowa, tsawon minti goma cur. Alamar ya yi ita ce ya daina kama hannu, bayansa ya yi sumul, in an danna da yatsa ya taso a hankali. Sai a raba shi takwas, a cura kowanne, a shafe shi da mai sosai, a jera su a kwanon da aka shafa wa mai, a rufe ruf don kada iska ta busar da su. A bar su aƙalla awa biyu, in an sami awa huɗu ya fi. Mai firiji yana iya barinsu su kwana a ciki, amma ya fito da su awa guda kafin aiki don sanyin ya sake su.

NAMAN CIKI

Tsokar ƙirjin kaza ba ta da kitse, in an niƙa ta ita kaɗai takan fito a bushe kamar dusa. Tsokar cinya ta fi maiƙo da ɗanɗano, saboda haka a haɗa biyun. Wanda ba shi da injin niƙa nama sai ya ɗora tsokar bisa katako ya daddatsa ta da wuƙa mai kaifi har ta yi ƙanana kamar ƙwayar dawa. Ba a so ta yi laushi kamar kunu, domin ana so haƙori ya ji nama. In kuwa kazar Hausa ce, wadda ta fi ɗanɗano amma ta fi tauri, sai a fara dafa ta da albasa da gishiri har ta yi laushi, a zare tsokar a ɗan daka a turmi kamar za a yi dambun nama, sa'an nan a ci gaba da abin da ke biye.

A ɗora kasko da man gyaɗa cokali biyu, a soya albasa ɗaya da aka yanka ƙanana har ta yi laushi. A zuba dakakkiyar citta da tafarnuwa da attarugu, a juya minti ɗaya, sa'an nan a zuba naman ana farfasa shi da cokali don kada ya dunƙule. A sa kori da masoro da kirfa da gishiri. Nan da nan za a ga ruwa ya fito daga naman, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure, su sauke da ganin naman ya yi fari. Kada a sauke. A ci gaba da juyawa har ruwan ya ƙone ƙaf, kunne ma zai shaida, domin ƙarar tafasa za ta koma ƙarar suya. Wannan yakan ɗauki kimanin minti goma. Ruwan da aka bari a nama shi ne zai zama tururi a cikin ninki, ya jiƙa fulawar daga ciki, ya hana ta soyuwa. Don haka ne ma mai son sa tumatir ya kamata ya cire 'ya'yansa da ruwansa tukuna.

A baza naman a faranti ya huce sarai. A yanka albasa ta biyu da lawashi ƙanana a ajiye su ɗanye, a kaɗa ƙwai a wani kwano dabam. Kada a haɗa su gaba ɗaya a ajiye, domin gishiri yana jawo ruwan albasa, kafin a kai ga na huɗu haɗin ya tsinke. Kowane mutabbak da nasa haɗin, kuma sai an miƙa kwaɓinsa ake yi: nama babban cokali uku a cike, ɗanyar albasa da lawashi cokali ɗaya, ƙwai cokali biyu zuwa uku, a juya a kofi. Aikin ƙwan shi ne ya daskare da zafi ya ɗaure naman wuri ɗaya, yadda in an yanka ba zai zube ba.

MIƘAWA DA NINKEWA

A sami babban tire na ƙarfe ko teburi mai santsi, a wanke, a shafe shi da mai. Mai ake shafawa, ba gari ake barbaɗawa ba, domin busasshen gari yana taurara kwaɓi, yana kuma ƙonewa a kasko. A ɗauki curi ɗaya a danne shi da tafin hannu ya yi faɗi, a murza shi da kwalba mai tsabta iyakar yadda zai tafi. Daga nan sai a ajiye kwalba, a sa yatsu ƙarƙashin bakinsa, a ɗaga kaɗan a ja waje a hankali, a manna a tire, a matsa gaba a sake ja, ana zagayawa. Bayan zagaye biyu ko uku faɗinsa zai kai taƙi biyu, watau kimanin santimita 40, har a riƙa ganin tiren ta cikinsa. In ya ƙi tafiya yana tsukewa, a bar shi minti biyar a kama wani. Hujin da ya fito a gefe ba kome ba ne, ninki zai rufe shi. In a tsakiya ne, a yanko bakin da ya yi kauri a miƙa shi a yi faci.

A zuba haɗin a tsakiya, a baza shi murabba'i wanda faɗinsa bai kai taƙi ɗaya ba, kaurinsa kuma bai wuce na yatsa ba. A ninko gefen dama da na hagu su haɗu su hau juna, sa'an nan na sama da na ƙasa, a danne bakunan. A yi wannan da hanzari, a ɗauka da hannu biyu a kai kasko nan take, domin in ya zauna ƙwan zai ratsa ya huda shi.

Wanda ke jin tsoron miƙawa yana da wata hanya mai sauƙi, irin ta mutanen Lahor da sauran ƙasar Panjab, wadda suke kira kima parata, kima kuwa niƙaƙƙen nama ke nan. A nan ba a sa ƙwai. Sai a buɗe curin kamar ƙoƙo, a zuba busasshen naman a ciki, a tattaro bakin a rufe, a danne, a murza a hankali har ya yi faɗin ƙaramin faranti, a gasa a kasko ana shafa mai ko man shanu. Bai kai na farko garas-garas ba, amma ya fi jure tafiya, ya kuma dace da mai koyo.

SUYA

Kasko mai kauri ake so, na baƙin ƙarfe ya fi, domin yana riƙe zafi. Mai cokali ɗaya zuwa biyu ya isa kowane guda, ba a nutsar da shi kamar ƙosai. A gwada zafin da ɗan gutsuren kwaɓi. In ya yi ƙara a hankali ya ɗauki kamar minti ɗaya kafin ya yi ja, wuta ta yi daidai. In ya yi baƙi nan take, a rage. In ya kwanta shiru yana shan mai, a ƙara.

Akwai ilmi a cikin wannan ja da ake nema. A 1912 wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana yadda furotin da sukarin da ke cikin abinci ke haɗuwa da zafi su haifar da launin ja da ƙanshi, irin wanda ake ji a ɓawon burodi da tsire da soyayyar gyaɗa. Wannan haɗuwa ba ta kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Santigired. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kuma muddin akwai shi a jikin abu, ba zai bar zafin wurin ya haura haka ba. Ashe ke nan jiƙaƙƙen abu ba ya soyuwa sai ya bushe tukuna. Wannan ne dalilin miƙa kwaɓi fale-fale, don ruwansa ya fita da wuri, shi ne kuma dalilin tsane nama.

A fara kwantar da shi ta gefen ninki don bakin ya like. A bar shi minti uku zuwa huɗu, a juya da faffaɗan cokali, a ba ɗaya gefen kamar haka. In ya kumbura a tsakiya, a huda shi da tsinke tururi ya fita. Wuta mai yawa takan ƙona bayan alhali ƙwan ciki bai nuna ba, kuma wannan ya fi kowane kuskure muni. In an sauke, a ɗora shi bisa raga ko matsamin ƙarfe inda iska ke ratsa ƙarƙashinsa, a bar shi minti biyu kafin a yanka. Kada a jibga su bisa juna, kada a rufe su a kula ko a ƙulla a leda da zafinsu, domin tururi zai warware duk wahalar da aka sha.

GARGAƊI GAME DA KAZA

Jama'a, a nan akwai maganar da ta fi ɗanɗano muhimmanci. Ɗanyar kaza da ɗanyen ƙwai sukan ɗauko ƙwayoyin cuta, musamman waɗanda likitoci ke kira salmonela da kamfilobakta, masu jawo zawo da amai da zazzaɓi, waɗanda ke iya galabaitar da yara da tsofaffi da masu juna biyu. Niƙaƙƙen nama ya fi yanka haɗari, domin niƙa yana kai ƙwayoyin da ke bayan tsoka zuwa ko'ina cikinta. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci suka bayar ita ce zafin tsakiyar naman kaza ya kai digiri 74. Tun da ba kowane gida ke da ma'auni ba, hanyar da ta fi aminci ita ce wadda aka bayyana a sama: a dafa naman sarai kafin ya shiga ninki, a kuma tabbata ƙwan ya daskare har tsakiya. In an yanka aka ga ruwan ƙwai, a mayar kasko.

Katako da wuƙar da suka taɓa ɗanyar kaza a wanke su da sabulu kafin su taɓa albasa da lawashin da za a zuba ɗanye, haka kuma hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa biyu, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, zafin ƙasarmu kuwa yana tsakiyar wannan. Ɗalibin da ba shi da firiji sai ya yi daidai cinsa. Wanda ya kwana a firiji kuma a mayar da shi kasko ya yi zafi har ciki kafin a ci. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

LISSAFIN MAIGIDA

Kowa ya san yadda rabon kaza ke kasancewa a gida mai yawan jama'a. Ƙirji da cinya su tafi kwanon maigida da baƙi, yara kuwa su tashi da wuya da ƙafa da fiffike, alhali su ne jikinsu ke girma, su ne suka fi bukatar tsoka. Niƙaƙƙen nama ba ya san babba da yaro. In an raba rabin kilo gida takwas, kowa ya sami giram 60 da ɗoriya na tsoka zalla. A kowane giram 100 na ɗanyar tsokar kaza akwai furotin kimanin giram 20, a ƙwai ɗaya kuma akwai kimanin giram 6. In aka haɗa da na alkamar, mutabbak ɗaya yana ɗauke da fiye da giram 20, watau fiye da sulusin abin da mutum mai nauyin kilo 60 ke bukata a yini. Ƙasusuwan da aka zare wa tsoka kuma ba a yar da su, su ne romon miyar gobe.

Lokaci ma ba zai zama uzuri ba. Ana iya yin kwaɓin da rana bayan an taso daga ofis ko daga aji, ya huta har magariba. Soya nama minti ashirin ne har da yanke-yanke, miƙawa da suya kuma kimanin awa guda ne. Daɗin daɗawa, ga matasan da suka gama makaranta suna jiran takardar ɗaukar aiki, a duba teburin mai shayi: kasko yana nan, wuta tana nan, ƙwai da albasa da mai suna nan, masu saye kuma suna zaune bisa benci kowace safiya da kowane dare. Abin da ya rage kawai shi ne kwaɓi da nama da hannun da ya iya. Sana'ar da ta riƙe gidaje a Jidda da Singafo shekara da shekaru ba ta fi ƙarfin Kano ko Zariya ko Maraɗi ba.

Shawararmu ga mai koyo ita ce ya fara da rabin awon da aka bayar, ranar da ba shi da baƙi. Na farko lalle zai yage, na biyu zai fito a karkace, amma duka za su ciwu. Daga na uku hannu zai fara gane kwaɓi, ya san lokacin ja da lokacin saki. Wulwulawa a iska kuwa a bar wa mai shago tukuna, sai ran da yaran gida suka daina tambayar wa aka ba cinya.